Daga Malam Minti Biyar Zuwa Ɗan Ɓagas: Ire-iren Masu Gina Shafin Intanet

Yanzu kowa shafin intanet yake so. Makarantar kuɗi tana so, mai atamfa a Kantin Kwari yana so, har ƙungiyar tsofaffin ɗaliban da ta kasa tara kuɗin lemon taro ita ma tana so. Manhajojin da ake aikin da su kusan duk kyauta ne, kuma wadda ake saukewa a Kano ita ake saukewa a Landan. Bambancin yana wajen hannun da ke ɗora su. A wajen ciniki duk masu sana'ar nan bakinsu ɗaya, kowa gwani ne. Ranar da mutum zai zaɓi manhaja ya ɗora ta a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi, ranar ake sanin halinsa.

Na farko shi ne Malam Minti Biyar. WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003, ta daɗe tana tallar cewa minti biyar ya isa a ɗora ta, shi kuma Malam ya hau kan maganar ya zauna. Da hantsi zai karɓi kafin alƙalami, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin La'asar ka duba wayarka." La'asar ta yi, allo na cewa an kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Magariba ta yi, sai ga kuskure mai lamba 500, wato saba ta san akwai matsala amma ta rantse ba za ta faɗa ba. Bayan Isha'i ya gano harafi ɗaya ne ya kuskure a kalmar sirrin MySQL. Yana cikin gyarawa aka ɗauke wuta, data kuma ta ƙare. Kira shi washegari ka ji: "Ai an gama, ɗan abu kaɗan ya rage." Wannan ɗan abu kaɗan ɗin yakan ga azumi biyu.

Sai Mai Auri-Saki, wanda ke ɗaukar manhaja yadda wasu mazan ke ɗaukar aure. Ranar Litinin WordPress ce amarya, babu kamarta. Ranar Laraba ya gano tana da nauyin jiki, ya koma wa Joomla, wadda ta ɓalle daga Mambo a 2005. Kafin Asabar ya ce tana da wuyar sha'ani, ya kai gaisuwa gidan Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan Beljiyam ya fara tun yana ɗalibi. Ita kuma ya same ta da ilimin da ya fi ƙarfinsa. Leƙa kwamfutarsa ka ga zawarawa a jere: gwaji, gwaji na biyu, gwaji na ƙarshe, gwaji na ƙarshen ƙarshe. Ya san aibin kowace manhaja a duniya, amma bai taɓa miƙa wa kowa shafin da ya kammala ba.

Alhaji Tara-Fulogin shi bai yarda akwai matsalar da ƙarin fulogin, wato 'yan manhajojin da ake liƙa wa shafi, ba zai magance ba. Rumbun WordPress na da fulogin kyauta sama da dubu hamsin, kuma da alama Alhaji ya yi niyyar gaisawa da kowanne. Akwai na fom, akwai na hotuna masu zamewa, akwai mai zubo dusar ƙanƙara a shafin mai sayar da kilishi. Da shafi ya yi nauyi sai ya ƙara uku na saurin buɗewa, su ukun su kaure da faɗa, allo ya koma fari fat. Bai taɓa tambayar wa ya rubuta su ba, ko mai su yana raye, ko ya bar sana'ar ya koma kiwon kaji. Alhali a watan Maris 2016 mutum ɗaya ya janye wata 'yar manhajarsa mai layi 11, left-pad, daga rumbun npm, ayyuka dubbai a duniya suka tsaya cak. Alhaji ya ji labarin, ya jinjina kai, ya nemi fulogin da zai kare shi daga irin haka.

Ɗan Ɓagas kuwa yana da hujja, kuma hujjar ba ƙarya ba ce: kyakkyawar rigar shafi da dala ake sayenta, dala ta yi tsada, katin naira kuma ba kullum yake yarda ya biya a waje ba. Sai ya bi ta bayan gida ya sauke wadda aka fasa wa makulli, yana murna ya tsira da kuɗinsa. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa ɓarawo zai yi sata ya raba kyauta ba. Wata uku shafi lafiya lau. A na huɗu shugaban makaranta ya kira shi murya na rawa: iyayen yara sun nemi sunan makarantar a Google, sun tarar tana tallar gidan caca da rubutun Japan. Ɗan Ɓagas zai ce maƙiya ne. Gaskiya ne, amma shi ya ɗauko su da hannunsa ya ba su ɗaki.

Malam Kar-a-Taɓa aƙidarsa ɗaya ce: abin da ke aiki a ƙyale shi. Jan tambarin da ke cewa akwai sabuntawa arba'in ya daɗe da zama ado a wajensa. Sunan shiga admin, kalmar sirri 123456, domin kada a manta. A watan Oktoba 2014 masu kula da Drupal suka sanar cewa duk shafin da bai toshe wata ɓaraka ba cikin awa bakwai da bayyana ta, a ɗauka masu kutse sun riga sun shige shi. Awa bakwai! Malam a lokacin yana ɗaurin aure a ƙauye. An daina kula da Drupal 7 a watan Janairu 2025, amma har gobe yana kanta, yana cewa, "Ai kayan da sun fi ƙarko."

Ƙaninsa Ɗan Gaggawa ya ɗauki kishiyar hanya. Da ya ga maɓallin sabuntawa hannunsa ke ƙaiƙayi. Ba ya ɗaukar kwafin ajiya, ba ya gwadawa a gefe, kuma ba ya dannawa sai ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci. Da WordPress ta sauya wurin rubutu zuwa Gutenberg a watan Disamba 2018, shi ya fara dannawa, sakatariyar ofis ta wayi gari ba ta san inda ake rubuta sanarwa ba. Da PHP 8 ta fito a ƙarshen 2020 ya sake dannawa, tsofaffin fulogin suka zube. Maganarsa ɗaya ce idan an ritsa shi: "Wallahi a kwamfutata yana aiki." Sai dai ba wanda ya biya kuɗi domin ya zo gidansa kallon shafi.

Akwai kuma Sojan Baka, wanda ba ya gwada manhaja, jam'iyya yake yi mata. Duk shekara sai ya yi shelar cewa PHP ta mutu. Harshen nan da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995 an yi masa jana'iza ba adadi, amma da shi aka rubuta WordPress, wadda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma a kansa Wikipedia take, har da ta Hausa. Ka ce masa shafi mai fuska huɗu kake so na shagon ɗinki, zai zayyano maka React da Docker da wasu sunaye goma, ya ce duk wanda bai bi wannan hanya ba ɗan koyo ne. Ka tambaye shi adireshin aikinsa na baya, sai ya tuna ana jiransa a wani wuri.

Adalci ne a ambaci Alhaji Mai Shafi, domin rabin hawan jinin waɗancan daga wajensa yake. "Yaro, kamar Facebook nake so, amma ya ɗan fi shi. Nawa ne? Haba! Ɗan ƙanena ya ce da waya ma ana yi." Hotunan kaya zai turo ta WhatsApp, an ɗauke su da dare. Tambarin kamfani a ƙara masa girma, a ƙara, a ƙara, har ya rufe lambar waya. Bayan shekara a ce ya biya kuɗin sabunta sunan shafi da hayar saba, ya ce shi ya riga ya saya, ba haya ya kama ba. Ranar da shafi ya ɓace, ƙarfe biyun dare zai kira.

Ta ƙarshe ba ta da laƙabi, domin ba ta taɓa yin abin da za a ba da labari ba. Kafin ta ɗora fulogin sai ta duba yaushe aka sabunta shi, da mutum nawa ke amfani da shi. Tana gwaji a kwafin shafi, tana ajiye kwafi a wuri biyu, kuma takan ce wa Alhaji mako uku alhali ta san biyu zai isa. Kuɗinta ya fi na sauran, shi ya sa ba a zuwa wajenta sai an gama zagaye su, an zo da gawar shafi a hannu.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka ba da kafin alƙalami ka yi tambaya uku: ina shafukan da ka gina suke yanzu, ina kake ajiye kwafi, kuma da sunan wa za a yi rajistar adireshin? Idan ya amsa ba tare da ya sosa ƙeya ba, ka biya shi kuɗinsa ba ragi. Idan kuwa ya ce ka duba wayarka kafin La'asar, ka tambaye shi La'asar ɗin wace shekara.