Mai Hankali Ɗaya a Tawagar Dubai

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa akwai doka da ke aiki kowace shekara daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba: daga ƙarfe 12:30 na rana zuwa ƙarfe 3, ba a sa lebura aiki a rana. Kamfanin da ya karya dokar zai biya tarar dirhami 5,000 a kan kowane ma'aikaci. Ƙato ne fa ake magana, mai ƙwanji, wanda ya saba da ɗaukar siminti da rodi, amma hukuma ta duba ta ce ranar nan ta fi ƙarfinsa, ya nemi inuwa. To a daidai wannan lokacin ne za ka hango Alhaji da Hajiya a gindin Burj Khalifa, sun tsayar da yaro ɗan kusan shekara biyu da zai fi dacewa a ce yana barci, Alhaji ya durƙusa da waya yana neman yadda benen zai shiga hoto tun daga gindi har ƙololuwa, Hajiya tana tafi tana cewa “kalli Abba, yi dariya mana.” Yaron kuwa ya wage baki iya ƙarfinsa yana tsala ihu.

Idan aka dawo gida, labarin da ake bayarwa guda ne: tafiya ta yi kyau, yaron nan ne dai ya hana mu sakewa. Ni ban yarda da wannan hukuncin ba. A duk tawagar, yaron ne kaɗai yake cikin hankalinsa, kuma dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: shi kaɗai ne bai biya ko sisi ba. Wanda ya sayi tikitin jirgi da nairar yau, ya biya biza, ya kama otal, ya zama bawan kuɗinsa. Dole ya ga komai, dole ya taka ko'ina, don kada kuɗi su tafi a banza. Jiki ya ce a huta, rasit ya ce a tashi, kuma rasit ake bi. Yaro ba shi da rasit. In zafi ya dame shi ya yi kuka, in barci ya zo ya kwanta ko a tsakiyar kanti ne, kuma a kowane karo shi ke da gaskiya.

Tun daga jirgi ake fara cin amanarsa. Kamfanonin jiragen sama suna ɗaukar yaron da bai cika shekara biyu ba a kan cinyar uwarsa da ɗan kuɗi kaɗan, shi ya sa wasu iyayen ke rige-rigen tafiya kafin ranar cikar ta zo, sai ka ce fasfonsa ne zai ƙare. Daga Legas zuwa Dubai kusan awa takwas ne, shi da Hajiya a kujera ɗaya. A sauka, agogon Dubai ya riga na Najeriya da awa uku. Manya su gyara agogon hannu su wuce, shi kuwa nasa agogon a cikinsa yake, ba ya gyaruwa da yatsa. Ƙarfe takwas na safe da Alhaji ke bugun ƙofa yana cewa mota na jira, a jikin yaron ƙarfe biyar na asuba ne. Daga nan sai jadawali: Burj Khalifa, mita 828, wanda aka buɗe a 2010, a bi layi a hau hawa na 124. A can sama Alhaji ya ɗaga shi ya manna da gilashi yana nuna masa gari. Yaro ya duba, ya ga hazo da ƙananan abubuwa da ba a taɓawa, ba a ci, ba a jefawa, sai ya fiddo harshe ya lashi gilashin, ya zame ya nufi lifta, domin a can ne ya ga maɓallai masu haske. An biya kuɗin kallon birni, shi lifta ya gani, kuma da za a bar shi ya wuni yana hawa yana sauka, da ya fi kowa cin ribar tafiyar.

Wani zai ce a daina ruɗa mu da zancen zafi, mu da muka fito daga Sakkwato da Maiduguri, inda digiri 40 a watan Afrilu ba labari ba ne. Gaskiya ne, amma zafin bakin teku daban yake. Namu busasshe ne, gumi ya fito iska ta shanye shi, jiki ya ɗan yi sanyi. Na Dubai a Yuli da Agusta yana zuwa da damshi, gumin ya tsaya a fata ba inda za shi. Ƙaramin jiki kuma ya fi babba saurin ɗaukar zafi da saurin rasa ruwa, ga shi keken da ake tura shi a ciki yana dab da daɓen da ya sha rana tun safe. Sai Hajiya, don tausayi, ta cire mayafi ta lulluɓe keken, iska ta daina shiga, cikin ya fi waje zafi. Amma babbar amsar ba a ma'aunin zafi take ba. Wane Basakkwace ne ke fita yawo da yaro ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu? A gida mun san zaure, mun san inuwar darbejiya, mun san a bar yaro da ɗan kamfai kawai a zaunar da shi a baho. Wannan ilimin kakanni a filin jirgi ake ajiye shi. A Dubai yaron nan da ke yawo tumbur a tsakar gida shi ne aka ɗura wa wandon jins, da safa, da takalmi sau-ciki, da hular hana-sallah, domin kayan sun yi kyau a hoto. Da dare a ga ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, a ce ai canjin ruwa ne.

Garin kansa bai ɓoye wa kowa ra'ayinsa ba. Lambun furanni na Miracle Garden da kasuwar baje kolin Global Village rufe su ake yi a watannin zafi. Rumfunan jiran bas da yawa akwai na'urar sanyaya iska a ciki. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa Dubai Mall an gina rufaffiyar gada mai sanyi, mita 820, don kada ƙafar kowa ta taɓa rana. Mutanen da suka kashe dukiya suka kawo dusar ƙanƙara cikin kanti a Mall of the Emirates sun gaya maka abin da suke nufi da tsakar ranarsu. Baƙo ne kawai bai ji ba. Jirgin ƙasan ma, wanda ya fara aiki a 2009, yana da nasa tarkon: an hana ci da sha a ciki, tarar dirhami 100. Duk wanda ya taɓa raba ɗan shekara biyu da biskit ɗinsa a bainar jama'a ya san tarar ta fi sauƙi.

Sai hujjar da aka fi ji da ita: ai yaro na buɗe ido, gani ya kori ji. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa yawancin manya ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku ko kusa da haka. Dubai ɗin da zai “tuna” in ya girma hoton da aka yi ta nuna masa ne. Masu wannan hujja za su ce tunawa daban, amfani daban, yaro na ƙaruwa da abin da ya gani ko da ya manta. Na yarda. Amma a duba da me yake ƙaruwa. Magen da ke kwance a lungun unguwar Deira, wadda ya tsuguna yana kallo har aka finciko shi. Matattakala mai tafiya da kanta. Kifayen da ke iyo a bayan gilashi a Dubai Mall, waɗanda ake iya gani daga waje ba tare da tikiti ba. Abra, ɗan kwale-kwalen katako da ke tsallaka mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai a kan dirhami ɗaya, inda ruwa ke fantsama tsuntsaye na shawagi. Duk abin da ya burge shi ko kyauta ne ko kuɗinsa bai kai na ruwan roba ba, kuma shi ne abin da ake janye shi daga gare shi da cewa “taho, lokaci na ƙurewa.” In don shi aka zo, me ake sauri a tarar?

Ba don shi aka zo ba, kuma kowa ya sani. An zo ne don masu kallon sitatus na WhatsApp: dangin miji, matar wa, ƙawayen makarantar kwana da ba a haɗu da su ba tun bikin wance. Alhaji shi kaɗai a Dubai fatauci ne, kowa ya saba gani. Alhaji da Hajiya da ɗan yaro sanye da tabarau a gaban ginin Dubai Frame kuwa sanarwa ce cewa arziki ya kai har ga waɗanda ba su iya faɗin sunansa ba. Shi ya sa hoton ya zama farilla. A ɗauka, ya kau da kai. A sake, majina. A sake, ya kama ɗankwalin uwar ya zame. A ba shi alawa, a yi masa barazana da ɗan sanda, can a dace da daƙiƙa ɗaya da bakinsa ya buɗe tsakanin kuka da kuka, a ce dariya ce, a ɗora da “Masha Allah, ɗan gatan Abbansa.” 'Yar aikin da ta goya shi tun safe, in an tafi da ita, gwiwar hannunta kawai ke fitowa a gefe.

Akwai uzuri na gaske, kuma ba na raina shi. Mai shayarwa ba za ta bar ɗanta ba, kuma haihuwa ba ɗauri ba ce da za a ce ta zauna gida sai ya shiga firamare, ko da yake abin dariya ne cewa al'ummar da ta saba kai ɗan wannan shekarun gidan kaka yaye ita ce yau ke cewa ba inda za a bar shi na mako guda. Haka kuma hutun yayyensa a Yuli da Agusta yake faɗowa, lokacin da otal-otal ke karya farashi. Kowa ya san abin da ya sa suke karyawa, amma aljihu aljihu ne. To a tafi da shi, sai dai a miƙa masa ragamar tafiyar. Jadawalinsa shi ne na 'yan garin: a fita da sassafe wuri ɗaya tak, a dawo kafin rana ta take, a ja labule a yi ƙailula har la'asar sakaliya, a sake fita bayan magariba lokacin da ruwan da ke rawa a gaban Burj Khalifa ke tashi, kasuwar zinare ta Deira ta cika. Rabin wuraren da aka rubuto daga gida ba za a je ba, matar wa kuma za ta lura. Hajiya za ta samu barcin da rabonta da shi tun a jirgi. Wahalar a kan Alhaji za ta faɗa, wanda zai zauna a bakin gado cikin duhu, ba halin kunna talabijin, yana danna kalkuleta yana raba kuɗin ɗaki gida ashirin da huɗu don ya san naira nawa kowace awa ta barcin nan take ci masa.