Bazazzagi ya shiga makarantar do-re-mi

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da kuma maƙwabtanka na Tudun Wada, don su ne suka fi kowa buƙatar addu'a a 'yan watannin nan. Labari ya iso mana Kano cewa tun da ka ajiye aiki ka karɓi 'yan kuɗin sallama, ka sayo fiyano, ka kuma tara malamai har gida suna koya maka kiɗa da waƙa, kana biyansu awa-awa. Gemu ba ya hana ilimi, na yarda. Sai dai waɗanda suka yi wannan karin magana ba su taɓa jin muryarka ba.

Tun a wurin saye aka fara yi maka aski. Fiyano na gaskiya maɓallai 88 gare shi, naka ɗan Yamaha kuwa 61 ne, amma ka biya kana murna har da godiya. An ce mini Bakano ne ya sayar maka. Allah ya yi wa kasuwarsa albarka.

Malaminka na farko, dattijon nan na Wusasa da ya daɗe yana kaɗa wa coci, shi ne mutumin kirki a cikinsu, shi ya sa ka kore shi. Ya zo maka da takarda mai layuka biyar-biyar da baƙaƙen ɗige-ɗige masu wutsiya, da wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas da ke ƙidaya bugu ba ta jin roƙo. Ya ce ka miƙe baya, ka lanƙwasa yatsu, ka hau do-re-mi ka sauko, ka sake hawa ka sauko, babu zancen waƙa sai hannu ya faɗa. Hanyarsa ta hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan ce, wadda aka kafa tun 1889, mai matakai takwas, kuma a nan gida ma cibiyar MUSON da ke Legas tana shirya irin tata. Yaro mai sabon jini kan kwashe kusan shekara a kowane mataki. Kai kuwa da furfura ta gama cinye gemunka, yi lissafin da kanka, ai ku ne masu jami'a. Laifin bawan Allah ɗaya ne: ya dube ka ya ce, "Alhaji, ƙidayarka ba ta tafiya da bugu." Washegari ka ce masa ya ɗan huta tukuna, za ka neme shi.

Daga nan ka faɗa hannun yaron situdiyo, irin waɗanda suka yi zaman koyo a titin gidan Zoo a nan Kano. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Yana zuwa ya ce a naɗe takardun nan, kiɗa a kunne yake. Ya danna maɓalli ɗaya, fiyano ya kama kaɗa kansa da kansa, ganga da sarewa duka, kai kuma ka ɗora yatsa guda kana gyaɗa kai kana lumshe ido. Da ka buɗe baki abin ya karkace, sai ya ce kada ka damu, kwamfuta tana miƙe murya. Kullum kafin ya tashi sai ya ce, "Wallahi Alhaji ka fi jiya." Kai ma ai ka san me yake nufi: aljihunsa ne ya fi jiya. Ba na ganin laifinsa, don kunnen da yake magana a kai gaskiya ne, da shi yawancin makaɗan finafinanmu suka koyi sana'arsu, wasunsu ba su taɓa karanta ɗigo ɗaya na takardar kiɗa ba. Amma su dare da rana suke kan abin, da yunwa a cikinsu da mai waƙa tsaye a kansu yana jira. Kai kuwa awa ɗaya ranar Asabar, rabinta ma a shan shayi take ƙarewa.

Na kuma ji kana yawo da sunan Suzuki, ba na babur ba, malamin gogen Turawa na ƙasar Japan da ya rasu a 1998 yana da shekara 99. Hikimarsa ita ce yaro ya koyi kiɗa yadda ya koyi harshen uwarsa: ya yi ta ji, ya yi ta kwaikwayo, karatun takarda ya biyo baya. Ana farawa tun yaro yana shekara uku ko huɗu, kuma dole uwa ko uba su zauna a wurin darasin, su kuma tsare yaron ya maimaita kullum a gida. To kai wa zai raka ka, jikarka? Sannan in har za ka koyi kiɗa yadda ka koyi Hausa a Zazzau, inda mace take "ya zo" kuma "ya tafi", ai gara a bar maganar tun ba a ji kunya ba.

Abin da mutumin Japan ya tsara, makaɗanmu sun daɗe a kansa ba tare da sun sa masa suna ba. Dubi Musa Ɗanƙwairo. Da kanzagi ya fara a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, makaɗin noma, sannan ya yi ta amshi a bayan wansa Kurya, shekara da shekaru, kafin a ce ga Ɗanƙwairo yana jan waƙa da kotso a gaban sarakuna. Yaron makaɗi ba shi da ranar darasi. Shi ne mai ɗaukar ganga, shi ne mai shanya ta a rana fata ta ɗame, shi ne mai gyaran tsarkiya, ana cikin haka kunnensa yana cika bai sani ba. In ya saki bugu, gula ce za ta sauka a tsakar kansa, an wuce wurin. Ba ya biyan ko kwabo, ubangidan ne ma ke ciyar da shi.

A nan ne maganar take, Bazazzagi, ka buɗe kunnen nan da ya ƙi jin bugu. Ubangidan makaɗi ba shi da dalilin yi wa yaronsa ƙarya, domin in yaro ya ɓata amshi a ƙofar fada, shi ne zai sha kunya, shi ne doki da riga za su wuce. Cin abincinsa yana rataye da iyawar yaron. Malamin da kake biya awa-awa kuwa, cin abincinsa yana rataye da dawowarka mako mai zuwa. Mai tsoron Allah a cikinsu yakan faɗi gaskiya ya rasa aiki, kamar yadda ka nuna wa dattijon Wusasa. Saura kuwa sun gane karatun.

Malamin muryarka ma ba zan raga masa ba, ko da yake abin da yake koyarwa yana da tushe. Jan numfashi daga ciki, ɗumama maƙogwaro kafin a ɗaga murya, barin ihu, duk masu sana'ar sun san amfaninsu, kuma mawaƙa da yawa sun dusashe saboda rashin kula da su. Matsalar ita ce a jikinka ake gwadawa. Ya kwantar da kai a tabarma ya ɗora maka littafi a tumbi, wai ka ga yana hawa yana sauka. Ya sa ka karkaɗa leɓe kana "burrr" da sassafe, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko janareta ne ya ƙi tashi. Ya hana ka ruwan sanyi, ya ɗora ka kan zuma da citta. In numfashi kake nema, ga masu algaita nan a fadar Zazzau, suna busa ba yankewa, kumatu na tura iska hanci na jawo wata. Tafiyar ɗan acaɓa ce daga gidanka. Je ka tambaye su awa nawa suka biya.

Na san abin da za ka kare kanka da shi: Shata ma ai bai gada ba. Gaskiya ne. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, bai kuma zauna gaban wani malami ba, amma jami'arku ta Ahmadu Bello ce da kanta ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Sai dai Shata yana da malamin da ya fi dattijon Wusasa tsanani, wato jama'ar kasuwa da dandali, inda yake tallar goro da alewa yana waƙa. Su ba sa cewa ka fi jiya. In abin bai yi daɗi ba, kowa kama gabansa yake yi. Ɗanmaraya Jos kuwa da kuntigi ya zaga duniya, tsarkiya ɗaya tak. Kai ga maɓallai 61 a gabanka, ka kasa fita zaure.

To ga shawara kyauta, ka rubuta ranar, don ba kullum Bakano ke ba da abu kyauta ba. Ka je ka ba dattijon Wusasa haƙuri ya dawo, amma jikarka zai koya wa, ita da ƙashinta bai yi tauri ba, kai kuma ka zauna gefe ka tsare ta kamar yadda Suzuki ya ce, baki a rufe. In kuma sha'awar ta ƙi sakinka, ka nemi wata ƙungiyar 'yan kalangu su ɗauke ka ɗaukar kaya, in ka yi biyayya a ƙara maka girma zuwa tafi. Amshi dai kada ka sa rai.

In yarinyar ta ce ba ta so, ka kawo mini fiyanon Kano, zan saya kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, kuɗin mota naka ne. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara da ka maƙale.