Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malam Kaktus na Bakin Taga

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da dattijon da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ina rubuto maka ne a kan wata mas'ala da ta hana gidan nan zaman lafiya.

Ka sani, ya shehin masu zuhudu, a ƙasarmu ba a tambayar baƙo labari sai an miƙa masa ruwa. Sai ga ka, ɗan zuriyar Mammillaria ta busassun tuddan Meksiko, wadda ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, ka zo mana da mazhabar da a cikinta yawan shayar da baƙo daidai yake da kisan kai. Uwargida ta ce rowa nake yi maka, har takan faki idona ta zuba maka ragowar ruwan buta, alhali kuwa ni na san da zarar danshi ya daɗe a gindinka saiwarka za ta ruɓe, jikinka ya yi laushi daga ƙasa, ka mutu kana kore shar ba wanda ya lura.

Na bincika al'amarinka, na tarar ganyayenka ne ka mayar ƙaya don kada rana ta sha maka ruwa, guzurinka kuma yana cikin tumbinka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kakan toshe ƙofofin numfashinka yini guda, ba ka buɗe su sai dare ya yi sanyi, wato azumi da rana, ƙiyamullaili da dare, ba Ramadan ba Shawwal. Maƙwabcina ya rantse kai jikan tinya ne, na kuwa wanke ka daga wannan ƙazafi da hujjar cewa kama da wane ba ta wane, ita tinya haifaffiyar nan ce, ba ku haɗa kaka ba.

Sharuɗɗanka duk mun karɓa: kasko mai huda a ƙasa, turɓaya da aka cakuɗa da yashi da tsakuwa, hantsi kowace safiya, mafaka idan damina ta kankama, ruwa kuma sai an soka tsinke har ƙasa ya fito a bushe, da hunturu ma a ƙara jinkirtawa. Ƙayar da ka bari a yatsan autana, na yafe.

Saura namu haƙƙin. An tabbatar mini danginka sukan naɗa rawanin ƙananan furanni kewaye da kansu. Don Allah, Malam, ka naɗa mana shi bana, ko uwargida ta yarda cewa ba yunwa da ƙishirwa nake horar da kai da su ba.

Wassalam.
Naka, mai masaukinka.