Babbar Riga a Kan Sirdi: Shawara ga Ma'aikacin Tambuwal da Kebbe

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, ma'aikata da yawa a Tambuwal da Kebbe suka fara satar kallon tsohon keken Baba da ke jingine a zaure bayan buhunan gero. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, kuma ba a ga laifinsa ba, tunda mashin ɗinsa ba ruwan rijiya yake sha ba. To, malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, har da kai akawun sakatariya, ku daina satar kallo. A fito da keken nan, a karkaɗe shi, a hau. Sai dai hawan yana da ƙa'idoji, ga su.

Abokin gabarka na farko bakin mutane ne. Ranar da ka fara fita, 'yan majalisar gindin dogon yaro za su bar hirar siyasa su juyo gaba ɗaya. Wani zai ɗaga murya ya ce, "Malam, lahiya dai? Ina mashin?" Kada ka ce yana wurin gyara, domin gobe ma za su tambaya, jibi ma haka, har ƙaryar ta fi sarƙar keken tsawo. Ka tsaya, ka sauke ƙafa ɗaya, ka gyara hula, ka shaida musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kai kuwa kana cika naka a hanyar ofis ba tare da ka biya kowa ko sisi ba. In akwai mai tumbi a cikinsu, ba sai ka dube shi ba, sauran za su dube shi a madadinka.

In suka matsa, ka koma tarihi. Tambuwal ribaɗi ne na Buhari ɗan Shehu, gari ne na mutanen da suka san sirdi tun kaka da kakanni. A zamanin En'e kuwa, wanda ya mallaki Raleigh ba ƙaramin mutum ba ne. Duba-gari da malamin gona a kan keke suke zagaya ƙauyuka, yara na binsu a guje, har lasin ake yankar wa keke. Daga baya ma kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Abin da ya fitar da kakanka kunya a ranar ɗaurin aure ba zai kunyata ka a ƙofar sakatariya ba.

Wajen zaɓen keke ba sai an tsawaita ba. In tsohon Raleigh na gida yana da rai, shi ne gaba. In saye za ka yi, akwai Phoenix na Sin da Hero na Indiya, masu ƙarfe mai kauri da kariya da za ta ɗauki buhu ba ta yi ƙorafi ba, akwai kuma na gwanjo masu giya, waɗanda suka fi sauƙin tuƙi amma kayan gyaransu ba a kowane ƙauye ake samu ba. Ka taka feda ka saurara, ka matsa birki biyun, ka juya taya ka ga ko tana rawa. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Mai tuƙi da gwiwa a ƙirji, shi ne gobe zai ce keke na kawo ciwon gwiwa.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ta fi kayar da manya. Tsakanin sarƙar keke da ƙafar wando akwai tsohuwar ƙauna, da zarar sun haɗu ba sa rabuwa sai da baƙin mai, wani lokaci da yagewa. Ka naɗe ƙafar wando ta dama, ko ka ɗaure ta da roba, ko ka cusa ta cikin safa. Babbar riga kuwa, in shadda ce ta sha bugu, ka ninke ta da kyau, ka sa a leda, ka ɗaure a kariya, ka tuƙa da 'yar shara. Kana isa bayan ofis ka share gumi, ka zura rigarka, ka shiga da sallama, ba wanda zai ce ba daga mota ka fito ba. Wanda ya nace sai ya tuƙa da ita a jiki, to ya tattare hannuwanta a kafaɗa ya zauna a kan gindinta, in ba haka ba iskar hunturu za ta cika ta, ya ga yana komawa Dogon Daji alhali Tambuwal ya nufa. Hular kwano kuma ka nema ka sa. Ƙube yana da kyau, amma bai taɓa tare kan kowa daga kwalta ba.

Yanzu mu zo kan babban maƙiyi, wato ƙaya. A ƙasarmu ta ƙaya iri-iri ce, ga ta aduwa, ga ta bagaruwa, ga farar ƙaya da manoma ke shinge da ita, amma shugabarsu a wurin mai keke ita ce tsidau. Ba ta da tsawo, ba ta da kwarjini, tana shimfiɗe a ƙasa abinta, kuma duk yadda ɗanta ya faɗi sai tsini ɗaya ya kalli sama yana jiran tayarka. Ba ta da gaggawa. Za ta shiga da safe, ta bar ka ka isa ofis cikin fara'a, sai an tashi aiki ka fito ka tarar da taya ta kwanta. Don haka ka bi sawun da wasu kekuna suka riga suka murje, ka guji yanke ta gefen gona don rage hanya, kuma in ka sauka ka shafa tayar da ido kafin ka jingine. Tsofaffin mahaya suna yanka tsohon tub su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub, dabara ce mai aiki. Ka riƙa cika iska sosai, domin taya mai laushi ta fi kwasar ƙaya, ta fi kuma wahalar da cinya. A jakarka kada a rasa famfo, sholisho, guntun tub da ƙaramar sifana. Mai facin unguwarku kuwa, ka riƙe shi da daraja: ka gaishe shi ko tayarka lafiya lau take, ka je sunan ɗansa, kada ka bari bashinsa ya kwana biyu. Ranar da kake sauri ga layin mutum biyar a gabanka, za ka ga amfanin zumunci.

Yashi ba a yi masa gardama. In ka taho daga Kuchi ko Sangi ko Girkau ka ga tayar gaba ta fara lilo, ka sauka ka tura. Mai tura keke a rairayi yana nan da mutuncinsa, wanda ya kife a gaban 'yan mata masu tallan fura shi ne labarinsa zai riga shi isa gida.

A kan babban titi kuwa raha ta ƙare. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega da Kontagora hanya ce ta tireloli da manyan motoci masu ɗauke da shanu da albasa zuwa kudu, kuma direban da ya kwana yana tuƙi ba lallai ya hango ka ba. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, keke ma a dama yake tafiya, ba ya fuskantar motoci. In ka ji tirela a bayanka, ka sauka gefen titi ka ba ta wuri, domin iskarta kaɗai tana iya jan ka. Ka miƙa hannu kafin ka karya kwana, ka sa fitila gaba da abu mai ƙyalli a baya, ka cire abin sauraren waƙa daga kunne. Marigayi Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su hau keke, shi ma ya hau a Abuja, sai wata bas ta ture shi cikin kwalbati. Allah ya tsare shi a ranar. In titi bai san minista ba, ka tabbata bai san mataki na takwas a aikin ƙaramar hukuma ba.

Akwai wani lissafi da baƙo ba zai gane ba, shi ne lissafin gaisuwa. Mai mashin yana ɗaga hannu ya wuce, a ce sauri yake. Mai keke ba shi da wannan uzuri. In ka hango surukinka a ƙofar gida dole ka sauka, ka rusuna, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa ko sanyi. Gaba kaɗan ga liman, ga mai unguwa, ga ƙanen mahaifinka da zai ce, "Ɗana, tunda ka tsaya, miƙa min wagga takarda asibiti." Tafiyar minti 15 sai ta zama ta 40. Maganin abin shi ne ka fita da wuri, ka ware wa gaisuwa lokacinta. Kada ka canza hanya don gudun dattawa, za su lura, kuma za a kai ƙararka wurin Inna. Ni a ganina ma wannan yana cikin ribar keke, yana mayar da ma'aikaci cikin jama'arsa.

Bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sammako ne abokinka. Ka fita da sanyin safiya, ka ɗauki gorar ruwa, ka bari rana ta karya kafin ka komo, musamman in azumi ne. Da hunturu ka rufe hanci, ka riƙa goge ƙura daga sarƙa kana ɗiga mata mai. Da damina, laka ta fadamar Gulbin Zamfara tana cushewa tsakanin taya da murfinta har keke ya ƙi motsi, sai ka riƙe ɗan tsinke na sakace ta. Akuya kuma ba ta san ƙararrawa ba, sai ka zo daf da ita take tuna cewa tana da uzuri a ɗaya gefen hanya.

Masu aro za su zo. "Yaya, ba ni in je nan kusa." Nan kusa ɗin kan iya zama Jabo. Kada ka hana gaba ɗaya, domin aron keke ya kai har gasar Olamfik: a Faris a 2024, 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta yi tseren cikin fili. Ka dai kafa sharaɗi a gaban shaida, wanda ya fasa taya shi zai yi faci, kuma goyo mutum ɗaya ne, ban da buhu.

Idan ƙafa ta saba, za ka tarar ranar hutu ma tana neman feda. Ku haɗu ku uku ko huɗu bayan la'asar, ku ɗauki yara, ku zagaya bakin fadama ku ga shinkafa da albasa, ku sayi rake ku sha a gindin itace. Mutanen Burkina Faso sun mayar da wannan nishaɗi gasar ƙasa, Tour du Faso, tun 1987, kuma cinyoyinsu ba su fi na manoman Romo da Sanyinna ba. Amma halin da ake ciki na tsaro, musamman ƙauyukan da ke bakin daji ta wajen iyakar Zamfara, ya sa dole a tambayi labarin hanya kafin a fita, a faɗa wa gida inda aka nufa, a kuma dawo kafin kiran magariba.

Saura roƙo ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu. A kafa rumfa a sakatariya da makarantu da asibitoci inda za a jingine kekuna a ɗaure, domin sirdin da ya wuni a ranar Afrilu ba ya zaunuwa da ƙarfe biyu. A kuma ba ƙananan ma'aikata bashin keke, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi, a fara da malaman firamare da ke zuwa ƙauyuka.