Injiniya, Ɗan Kali da Sauran Jama'ar Manhaja a Daurawa

Da wuya ka shiga gida a Daurawa, ko Gyadi-Gyadi, ko Tarauni, ka tarar babu Linux a cikinsa. Yana cikin Tecnon maigida, yana cikin Infinix ɗin uwargida, yana cikin tsohuwar wayar nan mai fasasshen gilashi da yara ke rububi, domin duk wayar Android a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Amma tsaya a bakin titin Maiduguri ka tambayi masu wucewa ko sun san shi. Galibinsu za su nuna maka kemis. Wanda ya sani kuwa, in ka kuskura ka tambaye shi, ka shiga uku, don sai an kira magariba kuna tsaye.

Wannan shi ne ɗan gani-kashe-nin Linux. Yawanci ɗalibin kwamfuta ne a Jami'ar Bayero, ko kuwa ya gama yana jiran bautar ƙasa. Kwamfutarsa ThinkPad ce ta gwanjo, bayanta duk sitika, har ba ka ganin ainihin launinta. Caja ka zo aro, sai ya leƙa allonka, ya girgiza kai, ya ce da muryar jaje: "Yaya, wai har yanzu Windows kake amfani da shi?" Daga nan an buɗe karatu. Zai faro maka daga 1991, lokacin da wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta abin a matsayin aikin sha'awa. Zai gaya maka cewa tun 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki. Kuma abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa.

In ka nemi ya sauƙaƙa, yana da misali guda da ya haddace. Wani mai tsire yana ɓoye sirrin haɗin yajinsa, sai dai ka saya ka ci ka yi shiru: Windows ke nan. Wani kuma ya rubuta haɗin a bangon shagonsa, ya ce kowa ya kwafa, ya ƙara citta ko ya rage barkono, ya ma sayar in ya so, da sharaɗin duk wanda ya gyara ya fitar wa jama'a, to shi ma ya bayyana nasa haɗin. Wannan sharaɗi shi ne lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar a 1989. Misalin ya yi, ba laifi. Matsalar ita ce sai ya maimaita maka shi gobe da jibi.

Su ma 'yan Linux ɗin a tsakaninsu ba a zaman lafiya. Akwai wanda ba zai bari ka ƙarasa jimla ba sai ya gyara maka: "GNU/Linux ake cewa, malam," saboda Stallman ya fara aikin GNU tun 1983 kuma a ganinsa an danne masa haƙƙi. Linux kala-kala ne, don haka akwai ɗan Arch, wanda ke kallon mai Ubuntu a matsayin ɗan koyo, kuma ko gaisuwar ta'aziyya ya je sai ya sami kafar sanar da mutane abin da ke kan kwamfutarsa. Akwai dattijonsu, wanda ya fara furfura, mai ba da labarin zamanin da kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ke aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya har zuwa 2011. Har yau faifan yana nan a durowarsa, ko da yake ba shi da na'urar da za ta karanta shi. Sannan akwai mai sauya sheƙa: Asabar Fedora, Talata Debian, Juma'a Mint. Ya ƙware wajen ɗora manhaja, bai taɓa samun lokacin yin aiki da ita ba.

Ranar baƙin cikin ɗan gani-kashe-ni ita ce ranar da ya lallaɓa ya sa wa ƙanwarsa Ubuntu ana saura kwana uku ta miƙa furojet. Ta kai takardar shagon bugawa, shafuka suka watse, teburan lissafi suka hau juna. Maganar ta kai gaban Hajiya. Tun daga ranar aka kafa masa doka a gidan: kada ya ƙara taɓa na'urar kowa. In ka bincika da kyau kuma, a wani lungu na kwamfutarsa akwai Windows a ɓoye. "Saboda CorelDraw ne kawai," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Babban abokin hamayyarsa yana kasuwar waya ta Farm Centre, yana da reshe a Beirut Road, kuma sunansa ɗaya ne ko'ina: Injiniya. Ba a san inda ya karɓo digirin ba, ba a kuma tambaya. Magani ɗaya gare shi ga kowace cuta. Kwamfuta tana nauyi? "Sai an yi fomatin." Sauti ba ya fita? "Sai an yi fomatin." Madanni ɗaya ya ɓalle? Zai ɗan yi tunani, sannan ya ce gara dai a yi fomatin ɗin hankali ya kwanta. A wuyansa akwai filas mai ɗauke da Windows kala-kala, da Office, da Photoshop, dukansu kirak. Abu na farko da yake yi shi ne kashe maganin bairos, don kada ya hana shi aiki. Ka tambaye shi ko orijinal ne, zai dafa ƙirji: "Oga, orijinal ne mana, kirak ɗin ne kawai aka yi masa." Bayan wata shida wani rubutu mai dishi-dishi ya bayyana a kusurwar allo yana roƙon a biya kuɗin lasisi, kuma za ka ga rubutun nan har a majigin manyan taruka, mai jawabi yana bayani a kan yaƙi da almundahana.

Injiniya ne ya kashe wa ɗan Linux kasuwa da jimla ɗaya: "Ɗan'uwa, ka ce naka kyauta ne. To ai nawa ma kyauta ne, kuɗin aiki kawai nake karɓa." A nan gizo ke saƙar. A ƙasashen da ake biyan kuɗin lasisi, maganar sauƙin farashi tana jan hankali. A Kano kuwa ba a saba biya ba tun farko, don haka wanda ya zo yana tallar araha ya makara. Abin da ya rage masa shi ne ya yi maganar halacci, da tsaro, da 'yancin duba abin da ke cikin na'urarka, waɗannan kuwa ba su cika shiga kunnen wanda ke sauri ya buga takardar neman aiki ba.

Wajen buga takardar za ka haɗu da Alhaji mai shago a Court Road. Kwamfutocinsa Windows 7 ne, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. A can kusurwa akwai wata mai Windows XP, an yi mata rufi da ɗankwali saboda ƙurar hunturu, ita kaɗai ke jituwa da tsohuwar na'urar sikanin. An sallami XP tun Afrilun 2014, labarin ne bai iso shagon ba. Duk filas ɗin da ya shiga kwamfutar Alhaji lafiya lau, da cuta yake fita, fayilolin sun koma 'yan kibiyoyi. Ka ba shi labarin bairos ɗin WannaCry da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, zai ce: "Yaro, da tsohuwar zuma ake magani. Wannan injin ya aurar da 'ya'ya uku."

Sai dai kada a yi wa Alhaji dariya da yawa. A watan Yulin 2024 wata sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya, shi kuwa yana nan yana buga takardun rantsuwar kotu hankali kwance. Kuma ko ya so ya sabunta, da me? Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, ba ya hawa sai kan na'ura mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani, ga shi an rufe babin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke yawo a garin nan ba su cika sharaɗin ba. Lafiyarsu ƙalau, kamfani ne kawai ya ce sun tsufa. A nan ne ya kamata ɗan Linux ya yi kasuwa, don manhajarsa ba ta raina tsohuwar na'ura, amma yana can yana musu da ɗan Arch.

Kishiyar Alhaji shi ne sarkin sabuntawa. Ba ya iya barci in akwai jan ɗigo a kan wata manhaja. Ya san Ubuntu na fitowa duk Afrilu da Oktoba, ya san mai dogon zango sai bayan shekara biyu-biyu, kamar 22.04 da 24.04. Yana iya jero maka sunayen kayan zaƙin da ake raɗa wa Android, su KitKat da Lollipop da Oreo, kuma har yau yana jin zafin daina su da aka yi a 2019. Da datar dare yake aiki. Ƙarfe biyu na dare yana zaune a tsakar gida sauro na cizo, abu ya kusa kammaluwa, batir ya yi ja, aka ɗauke wuta. Da safe za ka gan shi a cikin Adaidaita Sahu, waya a mace a hannu, an nufi wajen Injiniya. Ka san maganin da za a ba shi.

Ɗan Kali kuwa tun daga nesa ake gane shi: baƙar riga mai hula, a tsakiyar zafin Afrilu. Ya sauke Kali Linux, manhajar da ƙwararrun tsaro ke gwada ƙarfin tsarin kwamfuta da ita tun 2013, ya buɗe baƙin allo, koren rubutu na ta gudu, 'yan majalisa sun zagaye shi baki buɗe. Abin da ke gudun nan jerin fayilolinsa ne kawai. Duk da haka sunansa ya zaga unguwa. Anti ta aiko a dawo mata da Facebook ɗinta da aka sace. Wani ango na son a leƙa masa wayar amarya. Wani kawu ya ja shi gefe ya tambaya a hankali ko ana iya gyara sakamakon JAMB. Ga kowa amsarsa ɗaya: "Ana kan aiki, netwok ne ba kyau." Allah ya taimake shi da bai iya ba, domin tun 2015 akwai dokar laifukan intanet a Najeriya, kuma kotu ba ta da nisa da gidansu.

Sauran na gefe ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Hajiya mai GBWhatsApp, wadda ke son karanta saƙon da aka goge, ta ga na kowa kada a ga nata. In an rufe mata layi sai ta ce hassada ce. Akwai Baba, wanda ya tabbata duk sabuntawa dabara ce ta cinye masa data, kuma ban isa in rantse cewa ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai ɗan dawunlodin, mai tura fina-finan Hausa da fassarar Indiya a memori, wanda kullum da VLC yake gwada wa kwastoma fim. Bai san cewa ɗalibai ne suka fara ta a wata makaranta a Faransa ba, bai san buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, amma ya fi ɗan gani-kashe-ni yaɗa ta nesa ba kusa ba.

Ɗan taro fa? Babbar riga, jakar taron bara, da katin suna a wuya. Ya halarci bita a kan tattalin arzikin zamani a otal-otal na Kano da Abuja, ya iya cewa buɗaɗɗiyar manhaja ce makomar Afirka, kuma yaronsa ne ke buɗe masa imel. Maganar ba yau aka fara ta ba. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 don makarantun Najeriya ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, sai labari ya fito cewa za a goge a sa Windows, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi. Ɗan taro bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne a wane ɗaki ake sa hannu a karɓi kuɗin mota.

Akwai kuma wanda ba a jin muryarsa a majalisa. Wataƙila malamin makaranta ne, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce a Asibitin Malam Aminu Kano da ta taso daga aikin dare. Da datarsa yake gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa, ko ya karanta jimloli a Common Voice na Mozilla don na'ura ta koyi jin Hausa, ko ya aika rahoto cewa ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa a matsayin akwati a wata manhaja. Ba a biyansa, a gida ma ana ganin wasa yake da waya. Irinsa ne suka riƙe abin a duk duniya, kuma sun yi kaɗan. A watan Maris na 2024 aka gano cewa wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar ɗan sa-kai guda da ke kula da wata 'yar manhaja mai suna XZ, har ya dasa mata ƙofar baya da za ta iya buɗe dubban manyan kwamfutoci. Wanda ya bankaɗo shi, Andres Freund, jinkirin rabin daƙiƙa kawai ya lura da shi ya ƙi kau da kai. Ma'aikacin Microsoft ne kuma, abin da ɗan gani-kashe-ni ba ya son a tuna masa.

Kai kuma mai karatu, ko wanne daga cikinsu za ka miƙa wa kwamfutarka, ɗan Linux ne ko Injiniya, ka fara kwashe takardunka da hotunan biki ka adana a wani wuri daban. Dukansu biyun da gogewa suke farawa, kuma babu wanda zai tambaye ka kafin ya danna.