Wasiƙa Zuwa Ga Dutsen Abzin

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan ana shan iska lafiya a saman Bagzan, mai wannan takarda ɗan aike ne. Maƙwabcin nan na yamma, kwarin Iwillimidan, shi ya turo shi, don shi bakinsa ya yi nauyi.

Babu mai musun cewa Mai Girma dattijo ne. Tushensa ya haura shekara miliyan 500, kuma fiye da shekara miliyan 400 ke nan da narkakken dutse ya kutso cikinsa ya daskare zobe-zobe. Sai dai tsayin mita 2,022 da ake tinƙaho da shi, yawancinsa sabon arziki ne. Sai bayan dainoso sun ƙare ƙasa ta kumburo ta ɗaga Mai Girma, aman wuta ya biyo baya.

Shi kuwa kwarin, an mayar da shi juji. Shekara sama da miliyan 300 koramu na gangaro masa da yashi da tsakuwa da toka, yana karɓa yana jerawa hawa-hawa, ko uffan bai ce ba. Yuraniyom ɗin da ruwa ya wanko daga duwatsun Mai Girma, cikin yashin kwarin ya maƙale, shi ake haƙa a Arlit tun 1971. Gawayin ƙasa na Anu Araren da ke ba Agadas wuta, ajiyarsa ce. Da teku ya ratso Sahara ma, a ɗakinsa ya sauka, ya tafi ya bar farar ƙasar da Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ke ƙonawa su yi siminti. Ƙasusuwan Jobariya, dabbar nan mai dogon wuya da aka tono kusa da Ingal a 1997, wa ya rufa musu asiri duk tsawon lokacin nan?

Amma da UNESCO ta tashi karramawa a 1991, sunan Abzin da Tenere ta kira. Kwarin ya tashi da ramuka da ƙura, abin da mai takardar nan yake gani rashin adalci ne ƙiri-ƙiri.

Ana jiran amsa ta koramar Telwa idan damina ta sauka. Kwarin ya roƙi arziki, don Allah kada a haɗo da ƙarin yashi.

Wassalam,
Ɗan aiken kwari