Zuwa ga Farodusan Tudun Wada, Mai Bit 32

Ranka ya daɗe, Injiniya. Ko in ce Farodusa, tunda haka na ga ka sa mai fenti ya rangaɗa a ƙofar shagon nan na gidanku a Tudun Wada, shagon da shekara biyu baya Gwaggo ke ajiye buhunan masara da mataccen keken ɗinki. Yau ya zama situdiyo. Ikon Allah! Da na leƙa na ga kiret-kiret ɗin ƙwai manne a bango tun daga ƙasa har rufi, sai na ce shi ke nan, ɗan Zage-zagi ya gane gaskiya, ya bar waƙa ya kama kiwon kaji. Ashe wai maganin ƙara ne. Wa ya faɗa maka? Kwalin ƙwai ba ya tare hon ɗin ɗan acaɓa, ba ya tare kukan akuyar maƙwabta. Gwanintarsa ɗaya, tara ƙura da kyankyasai. Tsohuwar katifar nan da ka jingine a lungu da bargon Gwaggo sun fi shi shanye amon ɗaki nesa ba kusa ba. Amma bari, ba ƙwai ya kawo ni ba.

Waƙar da ka turo min daren Juma'a ce ta hana ni barci. Ka rubuto a ƙarƙashinta da alfahari: “Waƙan nan ya fito, 32 bit ne.” Taubashi, ka tausaya min. Waƙa dai mace ce a wurinmu, sai in ta wuce Kwanar Ɗangora ta doshi Zariya take rikiɗewa ta zama namiji. To mutumin da kunnensa ya kasa raba “mota ce” da “mota ne” tun haihuwarsa, shi ne yau yake rantse min wai kunnen nan nasa yana jin bambancin bit 24 da bit 32. Na yi dariya har mai ɗakina ta leƙo ta ce ko lafiya.

Zauna in koya maka, kyauta, ko da yake ka san Bakano bai saba ba da abu kyauta ba.

Kwamfuta ba ta jin murya, awo take yi. A cikin kowace daƙiƙa ɗaya tana ɗiban muryarka sau 44,100 ta auna, ko sau 48,000 in aikin bidiyo ne. Shi kuwa bit, shi ne ƙanƙantar ma'aunin da take awon da shi. Da bit 16 tana da matakai 65,536 da za ta ɗora kowane ɗiba a kai. Da bit 24 matakan sun kai 16,777,216. Duk abin da ya faɗa tsakanin mataki da mataki sai ta tura shi ga wanda ya fi kusa, kamar mai shago da ya ce maka babu canji, ka yafe. Waɗannan 'yan canjin da ake yafewa su ne ke taruwa su zama wani siririn shuuu a can ƙarƙashin waƙa. Kowane bit da aka ƙara yana danne wannan shuuu ɗin da wajen desibel 6, don haka 16 ke ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙarfin sauti da shi, 24 kuma 144 a lissafin takarda. Iyakar labarin ke nan. Bit ba ya ƙara wa murya zaƙi, ba ya gyara karin waƙa, ba ya sa baitin da ya karye ya miƙe. Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 a kan bit 16 yake, duniya ta sha kiɗa da shi shekara da shekaru ba wanda ya kai ƙara wurin alƙali.

Yanzu ka faɗa min tsakaninka da Allah, a ɗakin nan naka, shuuu ɗin bit 16 ne damuwarka? Ni da na sa abin kunne na saurari waƙarka da kyau, na ji ƙaramin janaretanka yana rera tasa waƙar daga bayan taga. Na ji fanka. Wajen baiti na biyu na ji wata yarinya tana tallar awara, kuma wallahi ta fi ka tsayawa a kan kari. Duk waɗannan sun fi ƙarar da kake gudu sau ba adadi. Kana tsoron sauro, ga kura kwance a ɗakinka.

Kada ka ce na hana ka 24. A'a, ɗauki da 24, shi ne daidai, amma ka san dalili. Amfaninsa shi ne ya ba ka sarari. Ba sai ka murɗa ƙarfin makirufo har wuya ba don gudun shuuu. Kana iya barin mitar tana yawo wajen 18 ƙasa da sifili, in ka ɗaga murya ta taɓa 10 ko 12, ka ga akwai sauran wurin numfashi. Kai fa? Ranar da na zo na tsaya a bayanka ina kallo, fitilar saunkad ɗinka ja wur take tun daga bismilla har tammat, kana ta gyaɗa kai kana cewa “ya shiga, ya shiga.” Wato a wurinka jan nan ado ne, irin na jar dara. Mutumina, jan nan kuka ne. Sifili shi ne rufin ɗaki, muryar da ta buge shi an aske mata kai, kuma abin da aka aske a ƙofar shiga ba ya tsirowa a ciki. Tuwon da ya yi ƙauri, ko miyar gidan sarki ka zuba masa, ƙaurin na nan.

Sai maganar 32 ɗin da kake taƙama da shi. Na bincika, na gano abin da ka aikata: da 16 ka ɗauki muryar, da ka tashi fitarwa sai ka zaɓi 32, wai don ta ƙara nauyi. Ta kuwa ƙara, a datata. Mudun gero ka juye a cikin buhu, ka ɗaure baki, ka ce kana da buhun gero. Fayil ya ninka girma, geron yana nan mudu ɗaya. Ka san minti ɗaya na waƙa a WAV mai bit 16 wajen megabayit 10 ne. Kai ka mai da shi 20, ka turo wa Bakano ya sauke da kuɗinsa. Wannan kam ba zan yafe ba, zan haɗa da kuɗin sharar bara da har yanzu muke gardamar wa ke bin wa.

Shi 32 ɗin fa ba ƙarya ba ne, kar ka je ka ce na ce. FL Studio ɗin da kake aiki da shi, na kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wanda a da ake kira FruityLoops, da irin wannan lissafin yake dafa sauti a cikinsa tun ba ka roƙe shi ba. Fa'idarsa, in sauti ya haura sifili a tsakanin fulogin da fulogin ba ya fashewa, sai ka ja shi ƙasa ya dawo lafiya lau. Tukunyar girki ce, ba kwanon kai wa baƙo ba. Kuma ba ta ceton abin da ya riga ya ƙone a saunkad. Af, na tuna: da ka ce min sabon fulogin ɗinka “64 bit ne, ya ninka na da daɗi,” na yi shiru ne don akwai yara a wurin. Wancan 64 ɗin maganar ginin manhajar ce da yadda take zama da kwamfuta, babu ruwansa da daɗin sauti. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kamar Tudun Wadarku da tamu ta Kano.

Fulogin kuwa, wayyo fulogin! Tun da kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, suka fito da tsarin VST a 1996, talaka ya samu abin da a da sai mai ɗaki cike da injuna. Alheri ne babba. Amma ba su san za a haifi irinka ba. Na ƙirga abin da ka jera wa murya ɗaya tal: goma sha huɗu. Ikwalaiza uku, ɗaya na ƙara abin da ɗaya ya rage, na ukun yana sasanta su. Kwamfuresa biyu sun matse muryar har ta daina numfashi. Eko kala uku a jere, shi ya sa ka fito kamar wanda ya faɗa rijiya yana kiran mutanen da ke kan dutsen Kufena. Rabinsu kuma na san inda ka samo su, a filashin wani yaro a Sabon Gari, waɗanda aka fasa wa makulli, shi ya sa laftof ɗinka ke sumewa duk bayan rabin sa'a kana ɗora wa masu wuta laifi. In kana ɗauka da duk wannan lodi a kunne, dole muryarka ta riƙa dawo maka a makare, kana “ya” tana “ya” a bayanka kamar ɗan amshin da bai ci abinci ba. Kashe su ka ɗauka, in ka gama ka kunna. Daddawa ƙulli ɗaya ke gyara miya, kai kuwa kwano guda kake juyewa sannan ka tsaya mamakin yadda baƙi suka gudu.

Na bar Auto-Tune don shi ne amininka. Ka san wanda ya ƙirƙiro shi? Wani Ba'amurke ne, Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi shekaru yana nazarin amon da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. A 1997 ya fito da shi, a 1998 mawaƙiya Cher ta sa duniya ta san shi da waƙarta Believe. Ka ga ilimin da ya iya gano mai a ƙarƙashin dutse, amma aka kawo shi Tudun Wada ya yi ta haƙa a muryarka bai samu kari ba. To, in yi maka adalci, ba laifin muryar ba ne duka. Ba ka gaya masa makullin da kiɗan yake kai ba. Kiɗa na gabas, ka saita shi yamma, ka kuma murɗe saurinsa har ƙarshe, shi ya sa yake fizgar muryarka yana jefawa inda ba ta nufa ba, kana fitowa kamar tunkiyar da ta haɗiyi rediyo.

Na san abin da za ka ce: Bakano me ya sani ban da ciniki? To ka san kirarin garinmu, ba sai na maimaita ba. A ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha guda ɗaya yaran Kano suka riƙa haɗa kiɗan finafinai, aka yi Sangaya a 1999, kaset ya zaga har Nijar da Gana, ba mai tambayar bit nawa ne. In kuma ka ƙi namu, ɗauki naku. Aliyu Namangi na Zariya ne, Imfiraji ta shiga gida-gida ba da eko ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, nan bayanku, ita ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, shi da 'yan kalangunsa. Ɗan Maraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa. Ɗaya, Injiniya. Kai kana da goma sha huɗu.

Saura fitarwa. In ka gama haɗawa, ajiye uwar a WAV mai bit 24, ka adana ta wuri biyu, don na san halin laftof ɗin nan. In wani ya nemi 16, sai ka kunna dida, sau ɗaya, a ƙarshen ƙarshe. Wata 'yar ƙara ce siririya da ake yayyafawa da gangan don kada wutsiyar sauti ta yi ƙaiƙayi lokacin da ake rage ma'auni. Kai na ga ka sa ta a kowane layi kamar barbaɗen yaji a tsire. Kuma 128 ɗin da kake gani jikin MP3 ba irin wancan bit ɗin ba ne, shi yawan abin da ke wucewa a daƙiƙa ne, kada ka je ka ce wa yara ka ninka 32 sau huɗu. Limitar da kake dannawa don waƙarka ta fi ta kowa ƙara, Spotify da YouTube rage ta za su yi ta dawo sahun sauran, ka tashi a tutar babu, ga murya a matse. Bayan duk wannan wahala ina waƙar za ta ƙare? A tura ta Xender daga waya zuwa waya, ta sauka a teburin mai shayi a Agoro, ta fito ta sifikar waya mai girman ƙwayar wake, ana soya ƙwai a gefe. Can ya kamata ka riƙa gwada ta kafin ka saki, ba cikin abin kunnen nan da ke yi maka ƙarya ba.

Amma bari in faɗi wata magana, in ka maimaita ta a gaban mutane zan ƙaryata. Ranar nan da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ka zauna a dakalin ƙofar gida kana rera baitin nan na Gwaggo da bakinka kawai, kana buga gwiwa. Na yi kamar ina duba waya. Ba waya nake dubawa ba. Har mai awarar nan sai da ta tsaya da farantinta a ka. Kana da murya, ɗan banza, ka binne ta ne da ranta.

Ina nan tafe ranar Asabar, zan sauka Kwangila wajen azahar, ka turo yaro da mashin, kuma kai za ka biya. Kafin in iso ka ja janaretan nan can bayan gida, ka sauke kiret ɗin ka mayar wa mai ƙwai kayansa, ka bar fulogin uku kacal. Za mu sake ɗaukar waƙar daga farko, ni ne mai riƙe mita, in fitila ta yi ja in make ka. Sannan ka sa sunana a baiti na farko, ba na ƙarshe ba inda ake rage murya. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ɗanta na Kano yana son dambu, kuma a wannan karon in ka tashi gabatar da ni ga abokanka, ka daure ka ce “waƙar tamu ce.”